Saura Gaba Guda

Mun bar babura a Poli, gindin mangwaron mai faci,
rana ba ta gama wanke ido ba.
Ni da Barkindo, da Yerima mai ciwon gwiwa,
da Sali, rungume da butar shayi
kamar za a ƙwace masa.
Jagoranmu wani tsohon Dowayo ne,
Hausarsa kalma goma, Fillancinsa ashirin,
sauran da sanda yake faɗa.

Gonakin auduga suka ƙare, na dawa suka ƙare,
sai ciyawa iya wuya,
sai kuma, ba sallama, inuwa.
Sanyi ya taso daga ƙasa kamar an buɗe randa.
Muka rage murya, ba wanda ya ce mu rage.

Ni kafinta ne, gara in faɗa.
Shekara ashirin da shida ina jan zarto a Garwa,
idona ya lalace:
in na ga kawo, ƙofa nake gani,
in na ga maje, benci da kanta.
Ina tafe ina lissafi a zuci,
wannan sefa dubu ɗari uku, wancan ya fi,
har saiwa ta harɗe ni, na ci ƙasa.
Barkindo ya ce, to, kurmin ya ji ka.

Kwarkwasa sun tare hanya, muka ba su girmansu.
Cilakowa ta yi mana dariya daga sama.
Tsando ya sami wuyan Yerima,
ya zagi tsando, ya zagi gwiwa,
ya zagi wanda ya sa ranar tafiyar,
ya manta shi ne.

A bakin mayo muka yi alwala
da ruwa mai kashe haƙori don sanyi.
Burodi, sardin, albasa guda a raba.
Sali ya hura wuta tsakanin duwatsu uku,
ya jera kofuna biyar, yadda hannunsa ya saba.
Ya daɗe yana kallon na biyar ɗin
kafin ya miƙa wa tsoho.

Bayan azahar muka iske maɗacin.
Na ɗaga kai har hulata ta faɗi, ban ga ƙarshensa ba.
Tsoho ya nuna shi da sanda, ya nuna kansa,
ya yi ta jefa hannu bayan kafaɗa:
kaka, kakan kaka, har hannun ya gaji.

Yerima ya ce mu auna.
Muka manna ƙirji, muka miƙe hannuwa,
yatsa na neman yatsa a makance.
Na kama Sali, Sali ya kama Barkindo,
Barkindo ya kama Yerima,
hannuna na hagu yana lalube a iska.
Saura nawa? in ji murya daga bayan itacen.
Idon ma'auni gare ni, ba na kuskure:
saura gaba guda.

Daidai hannuwan Garga.
Shi da ya shekara bakwai yana cewa
bari damina ta wuce mu je mu ga kurmin nan.
Daminar bara ta wuce da shi.
Makarar masallacinmu ni na haɗa ta,
da katakon maɗaci.

Ba wanda ya saki hannun wani.

Sai tsoho ya matso ya shiga giɓin.
Gajere ne, bai kai ba,
ya riƙe yatsun Yerima, ya miƙo mini kan sandarsa.
Da'ira ta rufe, da ciko.
Dariya ta kuɓuce wa Barkindo, irin mai jiƙa gemu,
muka bi shi.

Kuncina a jikin ɓawo, na shaƙi ƙamshin shagona,
amma da ransa.
Na nemi farashi a kaina, na rasa.

Da la'asar sakaliya muka juyo,
Yerima a kafaɗata, yana rantsuwa ba zai sake ba,
yana tambayar yaushe za mu dawo.
Jibi Litinin, katako na jirana,
zan yanka, yara za su ci tuwo.
Ɓawon da ya maƙale a maɓallin rigata
na sa shi a baki a kan babur.
Har muka ga fitilun Poli
ɗacin bai bar harshena ba,
ni kuma ban tofar ba.